Sukuwar Babura a Yashin Gagare

Akwai wani ƙanshi da ya ɓace daga hanyoyinmu, kuma ba na jin yaran yanzu za su yarda a kira shi ƙanshi. Hayaƙin babur nake nufi, irin na da, wanda ake gauraya masa baƙin mai da fetur. Shuɗi-shuɗi yake, da ɗan zaƙi a hanci, in ya kama riga sai an kai ta rafi. Iyayenmu mata a Sakajiki ba sa wahalar tambayar inda muka yini. Su dai su karɓi rigar su sunsuna, su ce, "An tafi wurin mashin ke nan." Ba mai musu, don shaida tana hannunsu.

Kafin babur ya yawaita, abin hawa mai ƙara a ƙasarmu jirgin ƙasa ne, wanda layinsa ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya zo ya tuƙe a Ƙauran Namoda tun 1929, yana kwasar gyaɗa da auduga. Sauran jakuna ne da raƙuma, sai keken Raleigh a gidan mai hali. Kuɗin Udoji na 1975 su suka sauya lamarin. Malaman makaranta da malaman gona da ma'aikatan asibiti suka karɓi kuɗi a dunƙule, kafin shekara ta zagayo ƙofar kowace makaranta ta yi babur. Hedimasta ya sayi Honda Benly mai muryar dattaku, akawu ɗan gayu ya sayi Vespa, matasan malamai suka raja'a kan Suzuki da Yamaha masu ƙarfi 100, marasa nauyi, masu zafin nama. Bayan 'yan shekaru waɗannan baburan suka fara sauya hannu. Ɗan manomi ya sayar da gyaɗarsa da kaka, ya ƙara da kuɗin ɗan maraƙi, ya karɓi na malamin da aka yi wa canjin wurin aiki. Daga nan ne abin ya iso gare mu. A 1982 litar fetur kobo 20 ce. Naira ɗaya ta ba ka lita biyar, ka je kasuwar Shinkafi ran Alhamis ka dawo, tanki bai san an taɓa shi ba.

Ba mu da ƙungiya, ba mu da alƙali mai usur, ba mu da fili na musamman. Tsere daga gardama yake tashi. A teburin mai shayi wani zai ce Suzukinsa ya baro Moriki ya iso Ƙaura kafin shayin da aka zuba masa ya huce. Wani ya ce ai ko tsuntsu bai yi wannan ba. Sai a sa rana. Ranar takan faɗo bayan kai amarya, ko yammacin Sallah bayan an sauko daga hawan Sarkin Kiyawan Ƙaura, ko wata la'asar da aka gama sussukar gero hannu ya sami 'yan kuɗi. Ƙananan gardandami a burtalin bayan gari ake kashe su. Manya kuwa sai an gangara gulbin Gagare da rani, lokacin da ruwa ya janye ya bar yashi fari fat, shimfiɗe iya ganinka. A ja layi da ƙafa, a tura yaro can nesa da jan ƙyalle a kan sanda, a zagayo shi a dawo. Wani babban yaya ya ɗaga hularsa sama, in ta taɓa ƙasa a saki kuloci. Ladan wanda ya ci bai wuce goro ashirin, ko kwalin sukari, ko galan na fetur da aka yi karo-karo aka saya. Goron ma a wurin yake rabar da shi, ya tafi gida da suna kawai.

Kun tuna 'yan kallo? Masu tallar rake da ƙosai sukan riga mu isa. Matan Fulani su sauke ƙoren fura da nono a inuwar gaɓa, da kobo goma a dama maka har ka bar saura. Yaran makiyaya da suka kawo shanu shan ruwa a rijiyoyin da ake tonawa cikin yashin su jingina da sandunansu suna dariya, kowanne ya zaɓi babur ɗin da yake goyon baya. In taya ta nutse su ne farkon masu rugowa turi. In garke zai ƙetare kuwa, tsere ya tsaya ke nan, kowa ya kashe inji har sai ɗan maraƙin ƙarshe ya hau gaɓa. Ba wanda ya rubuta wannan doka, ba kuma wanda ya taɓa karya ta. Haka nan in za ka wuce majalisar dattawa a ƙofar mai gari, tun daga nesa za ka kashe mashin, ka sauko ka tura shi, ka durƙusa ka ce, "Barkanku da hutawa, Baba." Su ce, "Yawwa, ɗan wane, a dai riƙa yi a hankali." Sai ka sha kwana sannan ka tayar. Wanda ya wuce masallaci da ƙara lokacin salla, kafin ya isa gida labari ya riga shi wurin mahaifinsa.

Amma tseren gaskiya ba a cikin gulbi ake cin sa ba. A ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya ake cin sa, wajen wani tsohon makaniki da kowa ke ce wa Baba, yaransa kuma su ce Maigida. Kayan aikinsa duka a cikin akwatin katako guda suke: sifanu, filaya, sukundireba da aka ɗaure ƙotarta da waya, guntun gilashin taga, da kwanon sha da ya zama na wankin kafireta. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin da mai. Ba ya fara taɓa babur da hannu. Zai ce a tayar, ya karkata kai ya saurara, ya ce a murɗa totur a saki, sannan ya tambaye ka, "Ina za ka da shi? Yashi ko laka?" A wurinsa babur ba ya da gyara guda. Ƙasarmu tana sauya hali sau uku a shekara, inji kuma dole ya sauya tare da ita.

Da hunturu ake fara shan wahalar ƙura. Buji ya taso daga arewa, rana ta koma fara, leɓe ya tsage, ƙurar nan mai laushi ta shiga ko'ina. Soson da ke tace iska kafin ta shiga kafireta yakan toshe cikin 'yan kwanaki, inji ya rasa numfashi, ya riƙa shan mai fiye da kima, fulogi ya yi baƙi. Samari masu gaggawa sukan cire soson gaba ɗaya, don babur yakan ƙara ƙara, ya ɗan ƙara gudu. Baba ya fi ƙin wannan a kan komai. Yakan ce, "Kai yaro, wanga gudun na mako guda na. Ƙura za ta ci maka zoben fistin, ka dawo nan kana turi." Shi sai dai ya wanke soson da kananzir, ya matse, ya ɗiga masa baƙin mai kaɗan ya murza, don ƙurar ta maƙale a jikinsa. Bayan nan ne yake duba allurar kafireta. Iskar sanyin hunturu tana da nauyi, tana neman ƙarin fetur, sai ya sauko da ɗan maƙalin allurar gaɓa ɗaya daga cikin gaɓoɓinta biyar, allura ta ɗago, mai ya ƙaru. Ya ce ka je ka zagayo da gudu. In ka dawo ya kwance fulogi da tsumma a hannu don zafi, ya ɗaga shi ga haske. In ya yi baƙi, mai ya yi yawa. In ya yi fari, inji na jin ƙishirwa, kuma yana dab da ƙonewa. Abin da yake nema shi ne launi kamar na gyaɗar da aka soya cikin yashi aka kwashe a kan kari. In ya ga haka sai ya yi murmushi ya ce, "To, yanzu ya ƙoshi."

Bazara kuwa lokacin fargaba ce ga mai injin da iska ke sanyayawa. A watan Afrilu ƙarfen babur ba ya taɓuwa da rana tsaka. Iska ta yi sauƙi, abin da ya ishi inji da hunturu yanzu ya yi masa yawa, sai a mayar da allura inda take. Ga yashi ya bushe ya yi zurfi, inji na kuka a giya ta biyu, gudu kaɗan, zafi mai yawa. A nan fistin ke kumbura ya kama silinda, tayar baya ta ƙame, mutum ya tsinci kansa yana tofar da yashi. Yamaha da Suzuki suna zuwa da ɗan famfon da ke zuba baƙin mai da kansa, amma da yawanmu ba mu sakankance da shi ba in ya tsufa. Mun fi yarda da gwangwanin madara: cikinsa guda na baƙin mai a galan na fetur, a girgiza da kyau. Saboda yashi ne kuma ake sauya farantan sarƙa. A cire na gaba mai haƙora 15 a sa mai 14, ko a ƙara girman na baya. Gudun ƙarshe ya ragu, amma ƙarfin ja ya ƙaru, kuma a cikin gulbi ƙarfin ja shi ne sarki. A rage iskar taya har ta ɗan baje, don ta hau kan yashi maimakon ta tona shi. Sauran aikin na mahayi ne: ka ja jiki baya, ka sassauta hannu ka bar tayar gaba ta yi rawarta, kada ka saki totur, kada ka kuskura ka damƙi birkin gaba. Mutanen Zurmi sun fi kowa iya wannan, don hanyoyinsu na wajen Dauran da Gurbin Bore sun koya musu tun suna yara.

Da damina ta sauka sai girma ya koma hannun mutanen Shinkafi, 'ya'yan fadama, waɗanda laka ba ta ba su tsoro. Gulbi ya cika, tsere ya koma hanyoyin gona. Laka mai danƙo takan cushe tsakanin tayar gaba da ƙarfen da ke rufe ta har taya ta ƙi juyawa, sai a kwance ƙarfen a rataye a ɗaki sai kaka, mahayi ya yarda da abin da zai sami fuskarsa. A yanko robar tsohuwar taya a naɗe kan fulogi, a shafe bakin murfin kwantak da giris don kada ruwa ya kashe wuta. Wanda tayarsa ta suɗe ya naɗa mata igiya zagaye-zagaye don ta sami abin kama ƙasa. In kuwa tsautsayi ya sa babur ya nutse a mashigi, ba a tayar da shi. A kwance fulogi, a taru a kifa shi ƙafafu sama, a yi ta juya inji ruwa na tsartuwa, a shanya fulogin a wutar kara. Sau da yawa kafin magariba ya tashi, yana tari yana fitar da farin tururi, yara na tsalle suna ihu.

Akwai kuma gyaran da ake yi a asirce, daren jajibirin tsere. A kwance salansa a cusa ta cikin wutar kara har dattin mai da ya daskare a ciki ya ƙone, a bubbuga ya zubo, murya ta washe. A ɗora sanfefa a kan guntun gilashin nan, a riƙa goga kan silinda a hankali ana zagayawa, don a ƙara matsin inji. Kaɗan ake ci, in aka zarce inji ya riƙa ƙwanƙwasa. Lokacin wuta kuwa da siririyar takardar kwalin sigari ake auna shi: a saka ta a bakin kwantak, a juya inji sannu-sannu, inda ta suɓuce nan wuta ke tashi. In silinda ta gaji sai a naɗe ta a tsumma a ba direban motar Gusau, a rarake ta a sa fistin mai ɗan girma. Mataki-mataki ake yi, 0.25, 0.50, 0.75, har 1.00, daga nan sai sabuwa. Kayan daga shagunan Inyamurai 'yan Nnewi ake samo su, a Gusau ko Sabon Garin Kano, kuma na Japan na asali a cikin takarda mai maiƙo suke zuwa. Wanda aka yi wa sabon fistin Baba yakan ja masa kunne: "Kak ka matsa mashi sai ya sha tanki biyu." Wannan haƙurin ya fi komai wuya ga saurayi. Za ka gan shi yana tafiya sannu a gefen hanya, masu keke na wuce shi suna yi masa sannu.

Ba a rasa karaya ba, Allah ya sani. Maɗorin ƙauyenmu ya san ƙafafun samari da yawa, akwai kuma wanda har yau yake ɗingishi in sanyi ya shigo. Hular kwano ba mu ɗauke ta da muhimmanci ba, kuma da za a mayar da ni wancan lokaci ita ce abin da zan roƙi kowa ya sa. Duk ranar da wani ya faɗi sai tsere ya mutu na 'yan makonni, iyaye su ɓoye makullai, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Sannan a hankali gardama ta sake tashi a teburin mai shayi.

A kasuwar Shinkafi muka fara jin cewa Turawa ma suna irin wannan hauka, nasu ma ya fi namu. Fataken Nijar da ke kawo dabbobi da kanwa su suka ba mu labarin tseren da ke tasowa daga Faris ya ratsa Sahara ya ƙare a Dakar. Na farkonsa ya tashi a ƙarshen Disambar 1978, ya bi ta Agadas da Yamai, kuma wani Bafaranshe, Cyril Neveu, shi ya ci a kan Yamaha XT500. Da muka ji sunan Yamaha, masu Yamaha suka yi mako ba su bar masu Suzuki sun sha shayi lafiya ba. Daga baya wani ya kawo kalanda mai hoton babur mai ƙafa huɗu, tayoyinsa gajeru masu faɗi, yana tashi sama a kan tudun rairayi. Honda ta fito da mai ƙafa uku a 1970, Suzuki ta fito da mai ƙafa huɗu a 1982, masu Suzuki suka sami abin ramawa. Aka manna kalandar a jikin darbejiya. Baba ya daɗe yana kallonta, ya ce, "Wanga an yi shi don Gagare. Amma ku dubi tayar, iskarta kaɗan ta. Su ma sun san abin da muka sani." Bai taɓa ganin irinsa ido da ido ba har Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu jikokina kan nuna mini su a waya, suna tsere a rairayin Saudiyya, inda tseren Dakar ya koma tun 2020. Na sa an fassara mini abin da masu irin wannan wasa ke tattaunawa a kai, ashe zancen darbejiya ne: wane soso ke tare ƙura, wane faranti ya dace da laka, iska nawa za a bar wa taya, yaya za a ƙara mai in gari ya yi sanyi. Sai dai da yawan injinan yau ba su da allura. Wata 'yar kwamfuta ce ke auna iska ta zuba mai daidai, makaniki ya jona waya ya karanta lamba. Ya fi daidai, ban musa ba. Amma ina jin tausayin yaron da zai girma bai taɓa gane ciwon inji da kunnensa ba.

Abin bai mutu rana ɗaya ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya ɗaga litar fetur zuwa kobo 39 da rabi, kayan Japan suka fara gagarar talaka. Zuwa 1994 lita ta kai naira 11. Babur ya tashi daga abin wasa ya zama abin neman tuwo, samari suka shiga kabu-kabu, kuma wanda iyalinsa ke jiran abin da mashin zai kawo ba ya kai shi gulbi ya ƙona fistin a kan goro ashirin. Aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, hanyoyi suka ƙaru, Jincheng ta cika gari, bayanta Bajaj mai shan mai kaɗan, marar hayaƙi. Kwantak ya ba da wuri ga wani ɗan baƙin akwati da ba a buɗewa, in ya mutu a jefar a sayi wani.

Sauran labarin, na 'yan bindigar da ke zuwa a kan babura, kun san shi, ba sai na tona ba. A da in aka ji ƙarar babura da yawa daga nesa, yara waje suke rugawa, don ko amarya ce ko 'yan tsere. Yau uwa in ta ji wannan ƙarar, hannun ɗanta take nema. Sakajiki ta ga nata rabon a 2021, shekarar da gwamnati ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana hawan babur daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe, aka kuma katse layukan waya. Alhamis ta zo ta wuce Shinkafi shiru. Nakan tuna yaran makiyayan nan da suka tura mu daga yashi, da matan da suka dama mana fura, in yi addu'a Allah ya sa suna raye cikin aminci, ya kuma mayar mana da zaman da muka sani.

Yaran Baba sun watsu. Wasu na Gusau, wasu na Kano, wasu sun koma gyaran injin ban ruwa a fadamu, kuma an ce har yanzu in manomi ya kawo inji sukan ce a tayar tukuna su ji. Mu kuma da muka rage sai biki ko ta'aziyya ke haɗa mu. Kwanan baya a wani ɗaurin aure a Gusau na sami kaina a tabarma ɗaya da wani mutumin Zurmi da wani na Shinkafi, duk mun yi furfura, ɗaya da sanda. Ba a gama rabon goro ba na Zurmin ya ce, "Alhaji, ka dai tuna ranar da na bar ku a gulbi." Na Shinkafin ya ajiye sandarsa ya ce, "Ka bar wa? Kai da ka sa faranti mai 14 ka ce mana 15 ne!" Na Zurmin ya rantse bai sauya komai ba, iskar taya kawai ya rage. Aka kira ni shaida, na ce ni abin da na gani shi ne salansarsa ta sha wuta a daren, don har gefen wandonsa da toka. Muryoyi suka ɗaga har liman ya waiwayo, muka yi shiru aka shafa fatiha. Ana shafawa na Shinkafin ya jawo hannun rigata ya ce, "Malam, faɗa mashi gaskiya, da damina aka yi da ko ƙurata bai gani ba." Na Zurmin ya ce da damina ina aka ga ƙura.